Likita ya tura Umma Barnawa saboda hawan jini, Yaya ya ce ba da shi ba

Maman Ihsan (Unguwar Dosa):

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a gida.

Mahaifiyarmu shekararta 64, tana zaune a Tudun Wada. Hawan jini ya daɗe tare da ita, suga ne ya shigo daga baya. Da can abin bai tayar mana da hankali ba. Da safe tana shan amlodipine da wata 'yar ƙwaya mai sa yawan fitsari, metformin na suga kuma bayan cin abinci, in an auna ta jinin yana tsayawa wajen 135 bisa 85. Bara Allah ya yi wa Babanmu rasuwa. Ta yi takabarta, muka ce in ta fita za ta warware a hankali. Shiru kake ji.

Duk layinsu an san Umma da rediyo. Tun asuba take kama Kaduna, tana shara tana musu da mai karanta labarai. Yanzu rediyon yana kan firji, ko batir babu a ciki. Ta daina zuwa Islamiyyar matan aure, alhali ita ce mai riƙe littafin adashinsu. Faten tsakin da take yi wa jikoki duk Juma'a, da rama da yakuwa, ya zama tarihi. Abincinta shayi da burodi, in an matsa mata ta sha lemon kwalba ta ce ta ƙoshi. Ƙanwata da ke kwana ɗakinta ta ce ƙarfe biyu, uku na dare idonta biyu, ba nafila take yi ba, tana zaune ne kawai a bakin gado. Rigunanta duk sun yi mata yawa.

Abin da ya hana ni barci ni ma shi ne gwangwanin Bournvita da take ajiye allura da zare. Na buɗe ina neman maɓalli, sai ga katunan maganinta cunkushe a ciki, wasu ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba. Ashe duk safiya in ƙanwata ta ce "Umma kin sha?" sai ta ce ta sha. Da na yi mata magana ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi: "Ke dai bar ni. Mai tuna min shan maganin ai ya tafi, ni me ya rage min?"

Muka kai ta asibitin da take zuwa. Jini 178 bisa 104, suga kafin karyawa ya haura 200. Na zata likitan ƙara ƙwayoyi kawai zai yi mu tafi. Sai ya ajiye biro, ya juya kujerarsa ya fuskance ta, ya shiga tambayarta barci, cin abinci, ko tana kuka, ko akwai abin da har yanzu yake faranta mata rai. Daga baya ya kira ni gefe ya ce yana ganin ciwon damuwa ne ya hau kan sauran, in ba a taɓa shi ba ko buhun magani aka ba ta jinin ba zai sauka ba. Ya mayar da ita kan magungunanta, ya kuma rubuta takarda mu kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

Nan fa gida ya ɗau zafi. Yayanmu, shi ne babba kuma shi ke sayen maganin, ya ce ba da shi ba, ba za a kai mahaifiyarsa gidan mahaukata yana raye ba. Ya ce ga ƙannenmu mata biyu ba su yi aure ba, in magana ta fita cewa akwai taɓin hankali a gidan, wa zai zo? A ganinsa Umma rashi ta yi, addu'a da haƙuri ne maganinta, likitocin yanzu komai sai sun laƙaba masa suna. Aikin lissafi yake yi, ba ya karɓar "an ce", don haka ya ce in ina da hujja in kawo.

To ga ni. Da gaske tunani yana tayar da hawan jini da suga, ko faɗa ce kawai? Akwai binciken da aka yi a kan mutane irinmu, ba Turawa kaɗai ba? Wanda kuma ya san Barnawa ya gaya min gaskiya, kwantar da ita za su yi?

Baban Khalifa (Rigasa):

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya. Ni dai ina bayan Yayanku. Matar da ta yi shekara arba'in da miji ya tafi ya bar ta, in ba ta yi shiru ba me za ta yi, guɗa? Ku dage da addu'a, a riƙa yi mata tofi. Batun jini kuwa, ku dafa mata zoɓo ba suga, da tafarnuwa da citta, safe da yamma. Maƙwabcina da shi ya rabu da ƙwayoyi gaba ɗaya. Maganin Bature in ka fara ka zama bawansa, kuma shi ke kashe ƙoda. Ni ban ga abin da zai kai ku can ba.

Sistar Malali:

Maman Ihsan, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan jinya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mafi yawan aikina a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki na yi shi, shi ya sa 178 bisa 104 ɗin nan ya fi komai tsaya min a rai. Kafin a gama musun Barnawa, daga yau a tabbatar ƙwayar tana shiga bakinta a gaban idon mutum. Ba da faɗa ba. A miƙa mata da ruwa, a zauna ana hira har ta haɗiye.

Ga hujjar Yaya. Akwai binciken da ake kira SIREN, Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagorance shi, an yi shi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Zariya da Kano. Sun ɗauki mutum 2,118 da suka samu shanyewar ɓarin jiki, kowanne aka haɗa shi da sa'ansa wanda bai samu ba, aka duba me ya bambanta su. Sakamakon ya fito a 2018. Hawan jini ne uban tafiya, kusan tara cikin goma na shanyewar ana iya jingina su gare shi. Cikin sauran abubuwan da suka fito akwai suga, ƙarancin cin ganye, barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an zuba, rashin motsa jiki, da damuwa. Masu fama da damuwa haɗarinsu ya kusa ninka na sauran. Tunda Yaya mai lissafi ne, zai iya cewa ai wanda ciwo ya riga ya kayar ya fi tuna damuwarsa in an tambaye shi. Da gaskiyarsa. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu suna tafiya tare ne, ba ya rantsuwa cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Amma yadda jiki yake aiki ya goyi bayan maganar. In hankali ya tashi, jiki yana sakin sinadaran shirin gudu ko kare kai, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zubo suga cikin jini. An yi wannan ne don ɗan lokaci. Wanda ya kwana ya yini a haka wata da watanni, ga rashin barci, kamar injin niƙa ne da ba a kashewa.

Sai dai a wajen Umma ba sai an je da nisa ba, amsar tana cikin gwangwanin nan. A shekarar 2000 an tattara bincike da dama wuri guda, aka gano mai ciwon damuwa ya ninka wanda ba shi da shi sau uku wajen barin bin abin da likita ya ce. An kuma daɗe da sanin ciwon damuwa ya ninka yawa a tsakanin masu suga. Ba taurin kai ba ne. Mutum ne ya daina ganin amfanin gobe, to don me zai sha abin da zai kai shi goben? A Amurka an yi gwaji a kan mutum 214 masu damuwa haɗe da suga ko ciwon zuciya, sakamakon ya fito a 2010. Rabi aka bar su da kulawar da aka saba, rabi aka haɗa su da nas mai bin damuwar da jinin da sugan a lokaci guda. Bayan shekara, na wajen nas ɗin sun fi samun sauƙi a duka ukun. Abin da likitanku yake hange ke nan.

Baban Khalifa, baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne, a nan muna tare. Amma mai baƙin ciki yakan ci abinci in an jima, jika ya yi abin dariya ya dara, abin yana zuwa yana lafawa. Wanda ya doshi shekara yana ramewa, ba barci, babu abin da ke masa daɗi, har yana cewa me ya rage masa, wannan ya wuce rashi kaɗai. Addu'a kuwa ba wanda ya ce a bari. Ni kaina in ina neman jijiya a hannun mara lafiya ce masa nake ya yi ta salati.

Maman Ihsan, maganar nan ta "me ya rage min" kada ki bari ta wuce. Ki samu lokacin da kuke ku biyu ki tambaye ta kai tsaye ko tana jin gara ta mutu, ko ta taɓa tunanin yi wa kanta wani abu. Na san nauyin wannan a bakin 'ya. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, an bincika hakan sosai, da yawa ma sauƙi suke ji an tambaye su. In ta ce e, ba jiran Yaya, ranar za ku tafi.

Barnawa kuma asibitin gwamnatin tarayya ne na ƙwaƙwalwa, mafi yawan masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Masu farfaɗiya, masu rashin barci, tsofaffi masu mantuwa, ma'aikata da kayan ofis a jikinsu. Kwantarwa sai ga wanda abin ya yi wa tsanani. Irin Umma abin da aka fi yi shi ne a zauna a saurare ta, a yi gwaji ko akwai ƙarancin jini, ko matsalar ƙoda, ko ta halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, don su ma suna sa kasala da mutuwar jiki. Wataƙila a ba ta ƙwaya ɗaya a rana. Irin wannan ƙwayar ba ta aiki nan take, sai an yi sati biyu zuwa shida, kada ku yanke ƙauna a satin farko. Doka ma ta canza. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa da ta fi mayar da hankali kan tsare mara lafiya. In sunan Barnawa ne kaɗai ya tsaya wa Yaya a wuya, asibitin koyarwa na Barau Dikko da na Shika duk suna da likitocin wannan fanni, ku roƙi likitanku ya sauya takardar. Wanda ya gan ku a ƙofar Barau Dikko bai san ɗakin da kuka nufa ba.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa (Kakuri):

'Yata, jikana ne yake rubutawa, ni nake faɗa. Allah ya jiƙan mahaifinku.

Ni ba likita ba ne, amma na zauna inda mahaifiyarki take zaune. Lokacin da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, mu da muka saba jiniya ce ke tashin mu, muka wayi gari ba mai jiran mu a ko'ina. Na yi zaman ɗaki har uwargida ta fara tsorata. A cikin zaman nan aka gano ina da suga, ga ƙishirwa, ga fitsarin dare, ga ƙurji a ƙafa ya ƙi warkewa. Kowa ya shigo sai ya ce "Malam a yi haƙuri." Wallahi har na gaji da ji. Ba haƙuri na rasa ba, abin yi na rasa.

Wanda ya fitar da ni wani abokin aikina ne, Kirista daga wajen Zonkwa, tare muka yi aiki a sashen rini, ya rasu yanzu. Bai taɓa yi min nasiha ba. In na fito sallar asuba sai in same shi tsaye nesa kaɗan da masallaci da 'yar sandarsa, ya ce "Zo ka raka ni, likita ya ce in riƙa tafiya saboda gwiwata." Daga baya na gane gwiwarsa ƙalau take. Mu bi bakin layin dogo, mu dawo rana ta fara zafi, muna tuna manajojinmu muna dariya. Har yau ina tafiyar nan, ina shan metformin ɗina, tuwon dare na mayar da shi malmala ɗaya, miya ta fi tuwon yawa. Shayi ba suga da farko da ƙyar nake haɗiya, yanzu in an sa min suga ba na iya sha.

Mu maza muna da majalisa, ko ba komai ka fita ƙofar gida wani zai tanka maka. Mace in mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse gidajensu, da wa take magana? Islamiyyar nan da adashin nan su ne majalisarta. Kada ku ce mata ta koma don lafiyarta, ba za ta je ba. Ki je wajen ƙawayenta ki ce su zo su ce lissafin adashi ya rikice tun da ta bari, ba mai iya warware shi sai ita. Ki kai mata Ihsan ki ce kin rasa mai riƙe miki ita. Ku daina ɗauke mata kowane aiki da sunan tausayi. Tsoho in ya ga ba a buƙatarsa, shi ke nan.

Asibitin kuma ku je. Da a lokacina wani ya nuna min hanya, da na je.

Mai Harhaɗa Magani (Kawo):

Sista ta gama magana a kan damuwa, ni ɓangaren ƙwaya da tukunya zan taɓa.

Haɗin da aka ba Umma ba na kame-kame ba ne. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji, likitan zuciya a Jami'ar Abuja, ya jagoranta a kan baƙaƙen fata 728 a ƙasashen Afirka shida. An gwada haɗi uku na ƙwayoyi bibbiyu tsawon wata shida, aka ga haɗi biyun da ke da amlodipine a ciki sun fi saukar da jini. Ɗaya daga ciki shi ne amlodipine da hydrochlorothiazide, mai sa fitsarin nan, ina kyautata zaton ita Umma take sha. Maganin yana aiki, ai kin ga 135 bisa 85 da idonki lokacin da take sha. Kada a ninka mata don a rama kwanakin da suka wuce. In idon sawunta ya ɗan kumbura, amlodipine yakan yi haka, a gaya wa likita, ba dainawa za a yi ba. Lokacin sha kuma, wani babban gwaji a Birtaniya a kan mutum sama da 21,000 ya nuna a 2022 cewa safe ko dare duk ɗaya ne. Sai dai mai sa fitsarin a bar ta da safe, kada ta ƙara hana ta barci.

Baban Khalifa, zoɓo ba ƙarya ba ne. An gwada shi a Jami'ar Tufts ta Amurka, mutum 65, kofi uku a rana tsawon sati shida, lambar sama ta sauka da kimanin 7. Amma waɗanda aka gwada jininsu kaɗan ya hau, ba sa ma shan magani. Cire 7 daga 178 ka gani ko an isa gida. Ta sha zoɓonta ba suga tare da magani, ba a madadinsa ba. Ƙoda kuwa, hawan jini da suga da aka bari ba kulawa su ne kan gaba wajen kai mutane wankin ƙoda. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗin ciwon jiki da tsofaffi ke aika yara su sayo a kemis, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna. Sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, masu tayar da jini su cuci ƙoda, wani lokacin har da dexamethasone ko prednisolone masu harba suga sama. Maman Ihsan ki duba ƙarƙashin filo da cikin jaka. Kuma don Allah kada wani ya sayo mata maganin barci irin diazepam. Tsoho ya sha, ya tashi fitsarin dare jiri ya kwashe shi, a koma jinyar karaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, duka abin da ya ci. Ba gishirin da muke gani ba ne kaɗai. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga farin magi, ga yajin da aka daka da su, ga burodin da Umma ta mayar abinci. Kanwa ma da ake sa wa ɗanwake da wake da miyar kuka, sodiyam ne a cikinta, shi ne dai abin da ake gudu a gishiri. Ku rage a tukunyar gida gaba ɗaya a hankali, ku ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Kada a ware mata 'yar tukunya lami ita kaɗai, matar da dama ba son ci take ba. Lemon roba na rabin lita kuwa yana ɗauke da suga wajen giram 50, kimanin ƙwaya tara na sugan kwali.

Baban Khalifa (Rigasa):

To na ji, ni ma ban ce ilimi ƙarya ba ne. Amma ku masu shago ku faɗi gaskiya, nawa maganin wata ya koma yanzu? Mai gadi ko mai tura baro a Rigasa, masara zai saya ko ƙwaya? Ba don son zoɓo mutane suke komawa zoɓo ba. Maƙwabcin nawa dai zan ce ya je a auna shi, don rabonsa da awo tun kafin azumi.

Mai Harhaɗa Magani (Kawo):

Wannan kam ba musu, Malam, kullum ina ganin mai sayen na kwana biyar ya ce zai dawo. Sai dai ukun nan da Umma ke sha tsofaffin magunguna ne, suna cikin mafi araha. A nemi na kamfanin da ba shi da tsada, mai lambar NAFDAC, sinadarin ɗaya ne. Jiha kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, a je a tambayi yadda ake rajista.

Maman Ihsan (Unguwar Dosa):

Allah ya saka muku da alheri duka, Baba na Kakuri Allah ya ƙara lafiya. Na tura wa Yaya komai. Bai ce min uffan ba, amma matarsa ta ce ta gan shi yana binciken SIREN ɗin a wayarsa har dare. Washegari ya kira ya ce Barau Dikko, kuma shi zai kai ta da motarsa. Likitan ya sauya takardar ba wata matsala.

Sista na yi tambayar, muryata na rawa. Ta ce tana tsoron Allah, ba za ta taɓa yi wa kanta komai ba, amma in an wayi gari babu ita ba za ta ƙi ba. Daga nan ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko ranar rasuwar. Na rubuta yadda ta faɗa zan nuna wa likita. Haɗin ledar ma na same shi a jakar da take zuwa asibiti da ita, wai na ciwon gwiwa ne, na kwashe. Ƙawayenta sun zo da littafin adashi. Ta dube su ta ce ta san shiri ne, amma ta karɓi littafin, har ta gano inda aka yi kuskuren dubu biyu na gaske. Islamiyya dai ba ta koma ba tukuna.

Tambaya biyu suka rage. Na sayi abin awo, amma in na auna sau uku lamba uku nake gani, da safen nan 160 bisa 95, can kuma 171. Sannan ta ce tana son komawa azumin Litinin da Alhamis da suke yi da Baba. Na rasa murna zan yi ko hana ta.

Sistar Malali:

Alhamdulillahi. Kin yi daidai da kika rubuta maganarta, kada ki sassauta ta a gaban likita don kunya. Ƙanwarki ta ci gaba da kwana ɗakin, magungunan kuma su zauna a hannunku.

Dabarar Baba na Kakuri ma tana da bincike a bayanta. A Zimbabwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da dattawan mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, zama shida, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da ya fito a 2016 a kan mutum 573, bayan wata shida kimanin 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Don haka ƙawayen nan kada su yi zuwa ɗaya su ɗauke ƙafa.

Lamba tana canzawa ko a jikin mai lafiya, ba abin awon ne ya lalace ba. Ta yi fitsari tukuna, ta zauna minti biyar a kujera mai jingina, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Kada ta ci goro ko ta sha shayi rabin awa kafin nan. Ki auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, ki rubuta duka a littafi ki kai wa likita. In kin ga 180 bisa 120 da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji, ko kuma bakinta ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu ya saki, ko lambar nawa ce, asibiti kai tsaye, ba tsayawa shafa mai.

Azumin kuwa, son yin sa alama ce mai kyau, amma ba yanzu ba, suga sama da 200 ga ƙwaya mai fitar da ruwa a jiki ga zafin Kaduna. Nafila ce, za ta jira. In awo ya daidaita likita ya yarda, ya tsara mata lokutan sha, ta gwada. Ƙa'idar da ake ba masu suga ita ce a karya in sugan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko in an ji rawar jiki da gumi da jiri. Malamai da dama sun yi fatawa cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Na Ramadan kuma a fara maganarsa da likita wata ɗaya ko biyu kafin a ga wata.

In Yaya ya zo ɗaukar ta, ki ɗaura masa abin awon shi ma. Ɗan mai hawan jini ne, yini yake a kujera, kuma nauyin gidan duk a kansa yake.